Kwaɗo a ƙofa, mabuɗi a ƙarƙashin tabarma

Watan jiya na nemi bankina ya turo mini takardar bayanan asusuna ta wata shida, wato sitetimen, saboda wata buƙata da ta taso. Ba a yi minti biyar ba ta shigo imel ɗina. Na latsa, sai ta nemi lambar sirri. Na ce madalla, ashe ana kula da mu. Da na koma jikin saƙon in ga inda zan samo lambar, sai na tarar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa lambar sirrin ita ce alƙaluma shida na ƙarshe na lambar asusuna.

Ni kaɗai na yi ta dariya. Lambar asusun nan fa tana hannun mai shagon da nake sayen shinkafa, tana hannun telana, tana cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinmu tun lokacin wani karo-karo. Abokina mai sayar da kayan waya da jan fenti ya rubuta tasa a bangon shago, don kada kwastoma ya dame shi da tambaya. A ƙasar da "turo akawun" ta kusa zama gaisuwa, lambar akawun ɗin aka ɗauka aka mai da ita mabuɗin sirri. Ko da ɓarawo bai san ta ba, alƙaluma shida ba su wuce haɗi miliyan 1 ba, kuma kwamfutar ɗalibi za ta gwada su duka kafin shayi ya huce.

Ga ra'ayina tun da wuri. Yawancin abin da bankuna da asibitoci da kamfanonin inshora suke kira "saƙo mai tsaro" an ƙirƙiro shi ne don a tsare ma'aikata daga tara da tonon silili. Tsare ni da kai daga baya ya biyo, in ma ya biyo. Kuma duk kullen da ya ɗora wa kwastoma aiki, ƙarshensa mutane su kewaye shi su bi ta katanga. Kulle saƙo nauyin ma'aikata ne, ya kamata ya gudana ba tare da mai asusu ko majinyaci ya ɗaga yatsa ba.

Ba a nan aka haifi wannan ɗabi'a ba, aro muka yi. Wanda yake son ya gane ta sai ya waiwayi Amurka, inda aka yi fiye da shekara 30 ana kokawa da ita.

Wasiƙa ba ambulan

Imel bai zo duniya da sutura ba. A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo na farko daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma a 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da har yau saƙonninmu suke bi. A lokacin masu amfani da hanyar malaman jami'a ne da masu bincike, kusan kowa ya san kowa. Ba wanda ya yi tunanin ɓoye komai. Kamar ka ba yaron mota wasiƙa a buɗe ne, shi kuma ya miƙa wa wani a tasha, har ta isa. Duk hannun da ta bi zai iya karantawa.

Maganin ya samu da wuri. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na jami'ar Stanford suka fito da wata dabara, shekara ɗaya bayan haka Rivest da Shamir da Adleman na MIT suka gina tsarin RSA a kanta. Misalinta shi ne in raba wa duniya kwaɗona a buɗe, in riƙe mabuɗin a aljihu. Duk mai son aiko mini da sirri sai ya sa a akwati ya datse da kwaɗona. Da ya datse, ko shi kansa ba zai iya buɗewa ba.

A 1991 Phil Zimmermann ya zuba wannan dabara cikin manhaja mai suna PGP, ya sake ta kyauta. Gwamnatin Amurka a lokacin tana lissafa kulle mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, fitar da shi waje kamar safarar makamai ne. Daga 1993 aka shiga bincikensa. Ana cikin haka maɗaba'ar MIT ta buga lambobin manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi a 1995, domin tsarin mulkin ƙasar ya kare littafi ko da bai kare faifan kwamfuta ba. A farkon 1996 aka rufe binciken ba tare da an gurfanar da shi ba. A tsakanin nan kamfanin RSA ya fito da S/MIME, wani tsarin kulle imel, wanda aka dasa cikin manhajojin imel na ofis irin su Outlook.

Wato kafin a shiga shekarar 2000 an gama da ɓangaren lissafi. Kwaɗon yana da kyau. Saura mai riƙe shi.

Mutum 12, minti 90

A 1999 wasu masu bincike biyu, Alma Whitten da Doug Tygar, suka zaunar da mutum 12, dukkansu sun saba da imel. Aka ba su PGP da littafin bayaninsa, aka ba su minti 90 su kulle saƙo su aika. Mutum 4 ne kawai suka yi daidai. Mutum 3 kuwa sirrin suka aika a buɗe.

Za ka ce ai wancan zamani ne, mutane ba su waye ba. To a ƙarshen 2012 Edward Snowden, wanda daga baya ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka take bibiyar saƙonnin jama'a, ya tuntuɓi ɗan jarida Glenn Greenwald, wanda lauya ne ma, ya roƙe shi ya sa PGP don ya ba shi labarin da zai girgiza duniya. Har bidiyon koyarwa ya haɗa masa. Greenwald ya ga abin da wuya ya share, sai Snowden ya koma wajen Laura Poitras, wata mai shirya fina-finai. Saura ƙiris babban labarin rayuwarsa ya wuce shi saboda manhaja. A 2015 kuma 'yan jarida suka ruwaito cewa Zimmermann da kansa yana ce wa masu aiko masa da saƙo a kulle su sake turowa a buɗe, domin ba shi da PGP a na'urorin da yake aiki da su.

Idan maƙerin kwaɗo ya daina rataya shi a ƙofarsa, ban ga dalilin da za a zargi nas mai majinyata 30 a gabanta ba.

Inda doka ta shigo

Ba son sirri ne ya sa asibitocin Amurka da bankunanta suka fara kulle imel ba, doka ce. Amma sai an duba yadda dokar ta yi magana.

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar HIPAA, wadda ta shafi bayanan lafiya. Ƙa'idojinta na tsaro sun fito a 2003, suka fara aiki a 2005, kuma ba su ce dole a kulle ba. Cewa suka yi asibiti ya duba, in ya ga ya dace ya yi, in bai yi ba ya rubuta dalili ya nemi madadi. Dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999 ita ma ta ce kamfanonin kuɗi su yi shirin tsare bayanan abokan hulɗa, ta bar musu zaɓin hanya. Sai a 2021 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta gyara ƙa'idarta ta ambaci kulle bayanai ƙarara ga kamfanonin da ke ƙarƙashinta. A ɓangaren lafiya kuwa, sai a watan Janairun 2025 aka buga daftarin da ke neman mai da shi wajibi.

Abin da ya motsa su da gaske wani ne daban. A 2003 jihar California ta fara aiki da dokar da ta ce duk kamfanin da aka sace masa bayanan mutane dole ya sanar da masu su, sai fa idan bayanan a kulle suke. A 2009 dokar HITECH ta kai wannan tsari ga asibitocin ƙasar baki ɗaya, ta ƙara gishiri: idan abin ya shafi mutum 500 ko fiye, za a liƙa sunan asibitin a shafin ma'aikatar lafiya, wanda masu sana'ar suka laƙaba wa suna bangon kunya. Mai kulle ya tsira daga wannan bango. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta zo da irin wannan sassauci.

Ka ga inda aka dosa. Kwaɗo ya zama takardar wanke kai. Tambayar da ake yi a ɗakin taron shugabanni ta koma: za mu iya nuna wa mai bincike cewa a kulle muka aika? Ko majinyaci ya iya buɗewa, ko mabuɗin yana da ƙarfi, wannan ba ya cikin fom ɗin.

Kasuwa ta amsa kira. Kamfanoni irin su Zix na birnin Dallas da Tumbleweed da Voltage suka fito da hanyar da ba ta buƙatar likita ya koyi komai. Wata na'ura ce a bakin ƙofar ma'aikata take leƙa duk saƙon da zai fita. Da ta ga lambar shaidar ɗan ƙasa ko sunan cuta sai ta riƙe shi a rumbun kamfani, ta aika wa mai shi sanarwa: kana da saƙo mai tsaro, latsa nan. Ka latsa, ka yi rajista, ka ƙirƙiri kalmar sirri, ka amsa tambayoyi, sannan ka ga layi biyun da likita ya rubuta. A 2021 kamfanin OpenText ya sayi Zix a kan kusan dala miliyan 860. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sakamakon Goggo

Na ga wannan da idona. Goggona ta je wajen ɗanta a Amurka aka yi mata aiki, ta dawo gida kafin sakamakon wani gwaji ya fito. Ran nan da la'asar ta aika aka kira ni, na same ta a tsakar gida da waya a hannu, tabarau a kan hanci.

Ta ce, "Kai da ka san kan abin nan, duba mini. Sun ce likita ya rubuto, amma ni ban ga rubutu ba."

Na karɓa. Sanarwar nan ce, latsa nan. Na latsa, aka nemi kalmar sirri. Na ce, "Goggo, kin tuna abin da aka sa?" Ta ce ita ina ta sani, yaron ne ya cika komai. Na latsa wurin mantuwa, aka ce an tura lamba zuwa wayarta. Layin Amurka ne, wanda ta bari a can cikin durowa. Muka jira gari ya waye musu, aka kira ɗan nata a wurin aiki, ya nemo layin, ya karanto lambar, kafin in gama rubutawa wa'adinta ya ƙare. Sau biyu muna haka.

Daga ƙarshe ya gaji. Ya buɗe daga can, ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura. Cikin sauri kuma ba mata ya tura ba, zauren dangi ya tura, mai mutum fiye da 40, har da surukai. Kafin magariba ana ta kiran Goggo ana mata sannu a kan abin da ita kanta ba ta riga ta karanta ba.

A takardun asibitin can, wannan saƙo ya tafi cikin cikakken tsaro. Ba doka ko ɗaya da aka karya.

Su kansu hukumomin sun san da matsalar. A 2013 ma'aikatar lafiyar Amurka ta fayyace cewa majinyaci yana da haƙƙin cewa a turo masa bayanansa ta imel a buɗe, muddin an gargaɗe shi da haɗarin. Ni a wurina wannan amsa laifi ce cikin ladabi.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika faɗa ba. Shekara 20 ana koya wa mutane cewa idan saƙo ya zo daga banki ko asibiti yana cewa latsa nan ka sa kalmar sirri, to a latsa. Wannan shi ne ainihin abin da 'yan damfara suke roƙon mutum ya yi. Ba su sha wahalar ƙirƙira ba, sanarwar saƙo mai tsaro kawai suke kwaikwaya, tambari da komai.

"Da babu gara ba daɗi"

Wannan ce amsar farko da nake samu, kuma tana da gaskiyarta. Idan aka sace kwamfutar ma'aikacin asibiti a mota, kulle shi ne bambanci tsakanin asarar ƙarfe da tonon asirin dubban mutane. Ban musa ba.

Amma kwaɗon ƙarya yana da nasa haɗarin da rashin kwaɗo ba shi da shi. Idan na san sitetimen ɗina a buɗe yake, zan yi kaffa-kaffa da shi. Idan aka gaya mini a kulle yake, sai in bar shi a imel shekara biyar, in tura wa wakilin gida, in buɗe shi a shagon buga takardu. Mai ɗaki ba ƙofa ba ya barin kuɗi a kan gado. Wanda aka ruɗa da ƙofar kwali shi ke bari.

"To a ba kowa mabuɗinsa mana"

Wannan ta masana ce. Suna cewa a yi kulle na gaskiya, daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ba wanda ke tsakiya da zai iya gani, har da ma'aikatar kanta. Da farko ni ma nan na tsaya. Da na ƙara dubawa sai na ga a wannan fanni ba zai yiwu ba, kuma ba don mugunta ba ne kawai.

Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jarin Amurka ta wajabta wa dillalai su adana saƙonninsu na aiki tsawon shekara 3, a kuma iya fito da su idan an nema. A watan Disambar 2002 aka ci manyan kamfanoni 5 tarar dala miliyan 8.25 gaba ɗaya saboda sun kasa adana imel. Dalilin dokar a fili yake: idan dillali ya yaudari tsohuwa ta zuba kuɗin fanshonta a ramin da ya san rami ne, saƙonsa ne shaida. Asibiti ma haka. Likita zai iya barin aiki, zai iya rasuwa, bayanan majinyaci ba za su bi shi kabari ba. Shi ya sa tun 1997 kamfanin PGP da kansa ya sa wa nau'in da yake sayar wa ma'aikatu mabuɗi na biyu, wanda shugabanni za su riƙe. Masoyansa suka ce an ci amana, amma ba banki da zai saya in ba haka ba.

Abin da ya faru da WhatsApp ya ƙara fito da wannan. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, ba tare da mai amfani ya yi komai ba. Ma'aikatan manyan bankunan Amurka, da imel ɗin ofis ya ishe su, sai suka koma can da cinikinsu. A Disambar 2021 aka ci JPMorgan tarar dala miliyan 200. A Satumbar 2022 aka haɗa wasu manyan kamfanoni, ciki har da Goldman Sachs da Morgan Stanley da Citigroup, aka ci su fiye da dala biliyan 1.8. Laifinsu ba sakaci da sirrin kwastoma ba ne. Laifinsu shi ne sun yi magana a inda hukuma ba za ta iya karantawa ba.

Saboda haka na yarda ma'aikata ta riƙe mabuɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye mini hakan a bayan kalmar "tsaro". Masu amfani da kamfanin imel na Hushmail da ke ƙasar Kanada sun ɗauka ba mai iya karanta saƙonsu, sai a 2007 ta bayyana cewa kamfanin ya miƙa wa hukumomin Amurka saƙonnin wasu a buɗe bisa umarnin kotu. Jamus ta yi doka a 2011 ta kafa De-Mail, imel na hukuma da aka ce amintacce ne, alhali kamfanin da ke tsakiya yana buɗe kowane saƙo na ɗan lokaci da sunan binciken ƙwayar cutar kwamfuta. Ga rajista mai wahala, sai ka kai kanka da katin shaida. Jama'a suka ƙi zuwa, a 2022 kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom ya tattara kayansa ya fice.

Ko kullen na gaskiya ma ba ya rufe komai. Sunan mai aikawa da na mai karɓa da kan saƙo duk a waje suke zama. Idan kowane mako saƙo yana zuwa wa mutum daga asibitin masu cutar daji, ba sai an buɗe ambulan ba. A watan Mayun 2018 kuma masu bincike daga Jamus da Beljiyam suka nuna wata ɓaraka da suka kira EFAIL, wadda ke sa manhajar imel ta buɗe saƙo da hannunta ta aika wa ɓarawo, a PGP da S/MIME duka.

"A wayar wa mutane da kai"

Wannan ce amsar da na fi jin haushinta, domin ita ce mafakar duk ma'aikatar da ba ta son kashe kuɗi.

A watan Satumbar 2015 wani asibitin masu ɗauke da cutar HIV a unguwar Soho ta Landan, 56 Dean Street, ya aika wa kusan mutum 780 takardar labarai ta imel. Ma'aikaci ya zuba adireshinsu duka a layin da kowa ke ganin na kowa. Da yawa adireshin yana ɗauke da cikakken suna. Wasu sun ga sunayen mutanen da suka sani. An ci hukumar asibitin tarar fam 180,000. A Satumbar 2021, makonni kaɗan bayan Taliban ta karɓi Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi irin wannan kuskure da adireshin 'yan Afghanistan 245 masu neman a kwashe su saboda sun yi wa sojojinta aiki. Nan maganar rai ce. An ci ta tarar fam 350,000.

Waɗannan ba jahilai ba ne, an horar da su, sun sa hannu a takardun riƙe sirri. Kuma da an kulle saƙonnin da kwaɗon da ya fi kowane ƙarfi, da ba abin da ya canza, domin mai mabuɗi ne ya buɗe ƙofa. Abin da zai hana shi ne manhajar da za ta ƙi aika saƙo mai adireshi 700 a fili. Aikin injiniya ne, ba na mai wa'azi ba.

Abin da ya yi aiki ba wanda ya ji motsinsa

Tun 1999 akwai wata ƙa'ida mai suna STARTTLS, wadda ke sa rumbun imel na kamfani ɗaya ya kulle hanya tsakaninsa da na ɗaya kamfanin. Mai aikawa bai san ana yi ba, mai karɓa ma haka. Shekaru ta yi a ajiye, masu kunna ta ba su da yawa. Bayan tonon Snowden na 2013 sai kunya ta kama manyan kamfanoni. A 2014 Google ya fara buga sunayen masu kullewa da marasa kullewa, ya ce kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na saƙonnin da ke tsakanin Gmail da sauran kamfanoni a buɗe suke tafiya. A 2016 ya fara nuna jan kwaɗo a karye a kan saƙon da zai tafi tsirara. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 a kulle suke tafiya.

Ba a kira taron bita ba, ba a raba wa kowa littafi ba. Abin da PGP ya kasa cikin shekara 20, wannan ya yi shi cikin 'yan shekaru, saboda nauyin ya sauka a kan injiniyoyi ƙalilan da ake biya albashi don shi. Hukumar kare bayanai ta Denmark ta gane haka, daga 1 ga Janairun 2019 ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu kulle imel mai ɗauke da bayanai na sirri, kuma ta karɓi kulle hanya a matsayin mafi ƙarancin abin da za a yi.

Ban ce ya wadatar ba. Yana tsare saƙo a kan hanya ne kawai, da ya sauka a akwatinka sai abin da kalmar sirrinka ta yi. Kuma asalinsa na sa-kai ne, idan ɗaya ɓangaren bai amsa ba sai saƙo ya wuce a buɗe, har sai da aka fito da ƙarin ƙa'idoji a 2015 da 2018 masu tilasta kullen. Amma shi kaɗai ne a tarihin nan ya kai ga Goggo ba tare da ya nemi komai daga gare ta ba.

A watan Yunin 2023 Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a da hukumar da za ta kula da ita. Dokar ta ambaci kulle bayanai cikin matakan tsaro, ta kuma ba ma'aikata sa'a 72 ta kai rahoto idan an yi mata kutse. Tsorona shi ne mu maimaita hanyar Amurka daga farko, mai bincike ya zo da fom, ya tambaya ko ana kullewa, a ce masa e, ya yi maki ya tafi. Da ni ne, tambayoyina daban ne. Da me aka kulle, kuma wa ya san mabuɗin? Rumbunku yana ƙin aika saƙo idan hanya ba a kulle take ba? Cikin kwastomomi 100 da kuka tura wa, nawa suka iya buɗewa ba tare da sun nemi ɗan maƙwabta ba? Ɗakin gwajin da ke tura sakamakon jini daga wayar ma'aikaci ta kashin kansa, ina sakamakon yake zuwa ranar da ma'aikacin ya sayar da wayar? Abin da ya kai sirrin gaske kuma, tunda kowane banki yana da manhajar waya da ke buɗewa da zanen yatsa, a ajiye shi can, imel ya tsaya a sanarwa kawai, ba tare da wurin latsawa ba.

Na koma reshen bankin da ƙorafina. Yarinyar da ke teburin kwastomomi ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta ce, "Yallaɓai, haka tsarin yake daga hedkwata, mu ma namu haka yake zuwa." Na tambaya ko zan iya canza lambar zuwa wadda na zaɓa. Ta ce babu wannan a tsarin, amma za ta rubuta.

Washegari na tura sitetimen ɗin ofishin da ya nema. Ba a jima ba suka amso cewa takardar ta ƙi buɗuwa, in sake turowa, in rubuta musu lambar sirrin a jikin saƙon. Na rubuta na tura.